Shin Ɗan Kallo Yana Da Alhaki? Bikin Fasa Haliji A Birnin Alƙahira

 

Akwai wata magana wadda ba ta tsufa a bakin mutane. In aka tambayi mutum abin da ya kai shi taron da aka yi ɓarna a cikinsa, sai ya ce shi kallo kawai ya je yi, bai taka rawa ba, bai kurɓi komai ba, bai taɓa kowa ba. Yana faɗin haka yana ganin ya wanke kansa tas. To, abin tambaya shi ne, ƙafar da ta kai shi wurin da idon da ya tsaya ya kalla, suna da rabo cikin abin da aka aikata ko kuwa ba su da shi? Malaman Masar sun daɗe suna juya wannan mas'ala, domin suna da wani biki a ƙofar gidansu wanda ya ɗauko godiyar Allah da shashanci a cikin kwalekwale ɗaya, aka kuma yi ɗaruruwan shekaru ana yinsa. Shi ne bikin fasa Haliji.

Haliji wata hanyar ruwa ce wadda hannun ɗan Adam ya haƙa, ta taso daga Kogin Nilu kusa da Fusɗaɗu, birnin farko da Musulmi suka kafa a Masar. Tun zamanin Rumawa akwai ta, amma yashi ya cike ta. Da Amru ɗan Asi ya ci Masar, sai Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, wanda ya ga abin da yunwa ta yi wa mutanen Madina a Shekarar Toka, watau shekara ta 18 bayan Hijira, ya umarce shi ya sake haƙa ta har Kulzum, inda garin Suwais yake a yau, don jiragen alkama su fita Bahar Maliya su ciyar da Hijaz. Shi ya sa aka riƙa kiranta Halijin Amirul Muminina. An ruwaito cewa bayan shekara fiye da ɗari Halifa Mansur na Abbasiyawa ya sa aka toshe ƙarshenta don ya yanke wa Madina abinci, sa'ad da mutanenta suka bi Muhammadu Nafsuz Zakiyya suka yi masa tawaye a 762. Abin da ya saura shi ne sashen da ya bi ta gefen Alƙahira, wanda daga baya birnin ya girma ya kewaye shi. Yau babu shi. A ƙarshen shekarun 1890 aka cike shi da ƙasa aka shimfiɗa hanyar taragu a kansa, wurin ya zama Titin Bur Sa'id; ambaliyar Nilu kanta ta daina isowa Alƙahira tun da aka gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, wadda aka gama a 1970.

Kafin wannan zamani, ran Masar duka yana rataye ne da wani ginshiƙin dutse da ke cikin rijiya a tsibirin Rauda. Sunansa Mikiyasi, watau ma'aunin ruwa, an gina shi a 861 bisa umarnin Halifa Mutawakkil, an tsaga masa alamu kamu-kamu. Ƙasar Masar ba ta dogara da damina ba. In Nilu ya cika ya malala gonaki an yi noma, in bai cika ba babu. Iyakar da ake jira ita ce kamu 16. Tun da ruwa ya fara hawa, masu shela ke bin unguwanni kullum suna faɗin yawan abin da ya ƙaru, mutane suna sauraro kamar yadda mai majinyaci ke sauraron likita. Saboda tsananin yadda wannan labari ke motsa kasuwa ne Halifa Mu'izzu na Faɗimiyawa ya hana a bayyana wa jama'a awon sai ya cika 16, domin da an ji ruwa ya tsaya sai masu hatsi su kulle rumbuna su jira tsada. Wanda yake so ya san abin da ake tsoro, ya dubi shekarar 1200, lokacin da ruwan ya tsaya bai kai kamu 13 ba. Likita Abdullaɗif na Bagadaza yana Alƙahira a lokacin, ya rubuta yadda mutane suka ci mushe da karnuka, har yunwa ta kai waɗansu ga cin naman 'yan'uwansu.

Saboda haka murnar ranar da ruwa ya cika, galibi a cikin watan Agusta, murna ce ta mutanen da aka ce musu bana ba za su binne 'ya'yansu saboda yunwa ba. A ranar ana shafa wa ginshiƙin Mikiyasi za'afaran da almiski. Bakin Haliji kuwa dama an datse shi da ƙasa tun kafin ruwa ya hau. Nasir Husrau, matafiyin nan Bafarishe da ya zauna a Alƙahira tsakanin 1047 da 1050, ya ga bikin da idonsa a zamanin Halifa Mustansir. Ya ce halifa kan fito da rundunarsa ya tsaya a bakin datsin, a miƙa masa mashi ya jefa, sa'an nan ma'aikata su faɗa wa ƙasar da diga da fartanya har ruwa ya ɓalle. Jirgin farko da ake sakawa cikin Haliji bebaye ake cika shi da su, ana kyautata zato da su, halifa kuma ya raba musu sadaka. Daga nan sai jirage su biyo baya, manya da ƙanana, ruwa ya ratsa birni ya cika tafkuna da rijiyoyin ajiya waɗanda za a sha har wata shekara. A ƙarnin baya-baya an ƙara da wasan wuta da harba igwa, mutane su kwana cikin jiragen da aka ƙawata da fitilu, da safe hakimin birni ya watsa kuɗi talakawa su yi ta rububi cikin taɓo.

Akwai wani ɗan tudun ƙasa da ake ginawa gaban datsin, a shuka hatsi kaɗan a bisansa, ana kiransa amarya, ruwa ya zo ya cinye shi. Ana danganta wannan da labarin da Ibnu Abdil Hakam ya kawo, cewa mutanen Masar na da sukan jefa budurwa cikin kogi kowace shekara, Amru ya hana, Sayyidina Umaru kuma ya aiko da takarda aka jefa a madadinta ruwa ya hau da izinin Allah. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin labarin, masana tarihi kuma suna shakkar a ce mutanen da suka yi ƙarnuka suna Kiristanci suna yanka wa kogi mutum. Ba a nan nauyin mas'alar yake ba, don Musulmin da ya tsaya bakin Haliji ya san Wanda ke kawo ruwa.

Abin da ya dami malamai shi ne abin da ke biyo bayan ruwan. Muddin Haliji na cike, jiragen shaƙatawa ba su daina kai da kawowa ƙarƙashin tagogin gidaje, da makaɗa da zabiyoyi, da giya a fili, maza da mata a cuɗe. Maƙrizi, marubucin tarihin Alƙahira, ya kawo cewa a shekara ta 401 ta Hijira Halifa Hakim ya hana shiga Haliji da kwalekwale, ya sa aka toshe ƙofofi da tagogin da ke duban ruwan. A shekara ta 594 aka sake hanawa, har aka rataye waɗansu matuƙan jirage ta hannuwansu. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1336, ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa Madhal game da zama a gidajen bakin kogi da hawan jirgi don yawon buɗe ido. Wannan littafi ba baƙo ba ne ga almajiran ƙasar Hausa, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebo da yawa daga cikinsa a Ihya'us Sunna.

Hujjar masu tsanantawa tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Mutumin da ya miƙe tsaye cikin jirgi yana ɗaga ƙoƙon giya yana rangaji, don idon mutanen da ke gaɓa yake yi. Makaɗi ba ya yi wa bango kiɗa. Da zai waiga ya ga gaɓa wayam, da ya zauna ya ji kunyar kansa. Kowane ɗan kallo yana cewa shi mutum ɗaya ne, zuwansa bai ƙara komai ba, tafiyarsa ba za ta rage komai ba. Alhali kuwa taron dubu goma ba wani abu ba ne illa mutane ɗaya-ɗaya waɗanda kowannensu ya faɗa wa kansa wannan magana. Risalar Ibnu Abi Zaidi, wadda yara ke karantawa a zaure, ta sanya amsa gayyatar walimar aure bisa sharaɗin babu wasan banza da ya shahara ko abin ƙi bayyananne a wurin, ta kuma ambata cewa Imamu Malik ya yi rangwamen ƙin zuwa saboda tsananin cunkoso. In walima, wadda aka umarci mutum ya amsa, tana faɗuwa saboda abin da ake yi a cikinta, ina ga taron da babu wanda ya kira mutum?

Amma fa akwai wata fuska. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya yana kāre Nana A'isha tana kallo har sai da ita da kanta ta gaji. Ashe kallo a kan kansa ba laifi ba ne, haka nan murnar jama'a a fili. Ya kuma tabbata cewa ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya, suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu. Bai kore su ba. Ya ɗora musu haƙƙin hanya, watau runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Haliji hanya ce, hanyar jama'a ce ta ruwa, kuma ɗan ga-ruwa da zai cika salkarsa, da matuƙin da ke neman abincin iyalinsa na shekara a cikin waɗannan 'yan makonni, da tsohuwar da ke zaune a gidan da tagarsa ke duban ruwa, ba za a ce da su su ƙaura ba. Abin lura ne kuma cewa a 594 matuƙan jirage aka rataye. Ba a ji labarin an rataye masu benayen da ke bakin ruwa ba, waɗanda su ne ke da kuɗin hayar zabiya. Mai wa'azi zai so ya haɗa ɓarnar 594 da yunwar da ta biyo bayanta da shekara biyu ko uku, ya ce ga sakamako nan. Sai ya yi hattara, domin waɗanda suka mutu a kan titi a 1200 yawancinsu ba su taɓa mallakar kuɗin hawan jirgin shaƙatawa ba.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, sunan biki ɗaya ne, amma taro biyu ne a cikinsa. Akwai wanda ya ɗauko ɗansa a wuya da sassafe don yaron ya ga ruwa na shiga busasshiyar hanya, ya ce masa wannan ni'imar Allah ce, su koma gida kafin rana ta yi zafi. Akwai wanda ya yi hayar kwalekwale da dare ya ce wa matuƙi ya bi bayan jirgin zabiyoyi, shi ma bai sha ba, bai yi rawa ba. Su biyun duka za su ce kallo suka je. Ma'aunin da ke raba su yana hannun kowannensu, kuma ba shi da wuyar amfani: in a wata shekara jiragen giya ba su fito ba, wane ne zai koma gida yana cewa bikin bana bai yi armashi ba? Wanda zai faɗi haka ya riga ya san abin da ya je nema. Masu cewa in mutanen kirki suka janye sai wurin ya zama na ashararai kaɗai, maganarsu tana da gaskiya ga dattijon da ganin fuskarsa ke sa samari su ɓoye kwalba. Ba ta zama uzuri ga wanda taro ya haɗiye shi, ba ya iya hana kowa komai, sai dai ya ƙara yawan kawuna.

To, duk wannan magana ce a kan giya da kiɗa, kuma a nan yawancin masu wa'azi ke tsayawa. Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A ƙarshen Suratul Furƙani, aya ta 72, Allah Ya siffanta bayinSa na ƙwarai da nisantar zur. Kalmar Larabci da aka yi amfani da ita a wurin tana ɗaukar ma'ana biyu, halarta da kuma ba da shaida. Daga tushenta ne ma Hausa ta samo kalmar shaida. Saboda haka waɗansu malaman tafsiri suka ce ana nufin zama a majalisun ɓarna, waɗansu suka ce ana nufin shaidar ƙarya. A bikin Haliji ma'anonin biyu sun haɗu wuri ɗaya. Dalili kuwa, cikar ruwa kamu 16 hukunci ne na shari'a da na baitulmali: da ita ne harajin ƙasa ke wajaba a kan manoma, alƙali kuma ya rubuta takardar shaida cewa Nilu ya cika. Edward Lane, Baturen Ingila da ya zauna a Alƙahira ya wallafa littafi a kan al'adun mutanenta a 1836, ya lura cewa saboda wannan doka hukuma kan so a gamsar da jama'a da wuri cewa ruwa ya kai iyakar. Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi. In aka yi shela kafin ruwa ya cika da gaske, dubban mutanen da suka fito suna guɗa su ne hatimin da aka buga a kan takardar. Manomin da ke can ƙauye, wanda ruwa bai kai gonarsa ba, in ya ce a sassauta masa, za a amsa masa da cewa duk Alƙahira ta ga an fasa Haliji. Ɗan kallon bai buɗe baki ba, amma an yi amfani da tsayuwarsa. Laifinsa a nan gwargwadon saninsa ne, wanda bai sani ba babu komai a kansa. Wanda ya san awon ƙarya ne ya fito ya yi tafi, ba zai fake da cewa hannunsa bai taɓa alƙalami ba.

Mutanen Alƙahira sun nuna sun gane haka a shekarar 1798. A watan Yuli Napoleon Bonaparte ya karya rundunar Mamaliku ya shiga birnin da sojojin Faransa. Ba a yi wata guda ba Nilu ya cika. Shi kuwa mutum ne da ya san amfanin biki. Ya ba da umarni a ƙawata jirage kamar yadda aka saba, a yi shela mutane su fito shaƙatawa, ya zo da kansa ya tsaya inda sarakunan Musulmi ke tsayawa, aka buga igwa, aka fasa datsi a gabansa. Shaihu Abdurrahman Jabarti, malamin Azhar wanda ya rubuta tarihin waɗannan kwanaki yana ganinsu, ya ce a daren nan mutanen gari ba su fito cikin jirage kamar yadda suka saba ba, in ban da Kiristocin Sham da Ƙibɗawa da Girkawa da Turawan da ke zaune a garin, sai kuma 'yan zaman banza kaɗan da suka leƙo da safe. Jaridar da Faransawa suka kafa a birnin kuwa ta ba da labarin taro mai yawa da murna, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ake bukatar 'yan kallon dominsa.

Abin mamaki a nan shi ne, mutanen da dokar Hakim da igiyar ratayewa da littafin Ibnul Hajji suka kāsa hana su hawan kwalekwale shekara da shekaru, su ne suka zauna gida ba tare da wani ya hana su ba, alhali ana ma roƙonsu su fito. Ruwan shi ne na bara, jiragen su ne na bara, ni'imar Allah ba ta ragu ba don kafiri ne ya tsaya a bakin datsi. Sun kuma sha ruwan da ya shigo, suka cika rijiyoyinsu, babu wanda ya ce haramun ne, domin ruwa na Allah ne. Abin da suka hana Bonaparte shi ne fuskokinsu. Sun san cewa wanda ya fito daren nan za a ƙidaya shi cikin waɗanda suka yarda, ko da zuciyarsa na ƙuna. Wannan ita ce hujjar da malamai suka yi ta faɗa musu game da jirgin giya suna toshe kunne. Da abin ya taɓa mutuncin garinsu sai ga shi ba su bukaci mai fassara ba.

Saura waɗanda suka halarta. Alƙali ya je, waɗansu manyan gari ma sun je, sun tsaya kusa da Bafaranshen. Yana da sauƙi a zage su daga nesa. Sai dai ɗan kasuwar da ya kulle ƙofarsa ya kwanta babu wanda zai lura da rashinsa shi kaɗai, alƙali kuwa in kujerarsa ta zama wayam an san wanda za a tambaya, an kuma san unguwannin da za su biya. Malaman da suka shiga majalisar da Faransawa suka kafa sun yi amfani da kusancinsu wajen ceton mutane da roƙon sassauci, Jabarti da kansa ya shiga irin wannan majalisa daga baya. Shari'a ta san uzurin wanda aka tilasta, ta kuma san ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Amma uzuri ne mai tsada, don mai shi ya ba da abin da aka nema, watau a gan shi tsaye a wurin, kuma mutanen gari sun gan shi. Ranar 21 ga Oktoba 1798, wata biyu bayan bikin, Alƙahira ta tashi da bore. Faransawa suka kafa igwa a kan tuddan da ke bisa birnin suka yi ta harbin unguwar Azhar, suka shiga masallacin da dawakansu. Waɗanda suka je neman a dakatar da wutar, malaman nan ne da ke zama a majalisar Bonaparte.